Takalmin Hoki na Ƙanƙara ga Mai Faffaɗar Ƙafa: Abin da Sikana ke Gani da Wanda Ba Ta Gani

A watan Janairun da ya wuce, wani abokina da ke karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp. Na ɗauka, maimakon fuskarsa sai na ga ƙafa ta cika allo. Gefen ƙaramin yatsa ya kumbura, bayan diddige ya yi bororo har ya fashe. Ya ce, "Mutumina, kai da kake kwana kana neman kuskure a cikin manhaja, nemo min kuskuren da ke nan."

Abokan ajinsa ne suka ja shi filin ƙanƙara na unguwa. A garin nan sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, wanda bai samo abin da zai fitar da shi waje ba zai shafe watanni a ɗaki yana kallon silin. Wasan ya shiga ransa tun ranar farko, takalmin ne ya ƙi shi. Na haya ya fara sawa, minti goma ƙafa ta sage. Sai ya hau Facebook Marketplace ya sayi na hannu, ya ƙara lamba ɗaya a kan ta takalminsa na kullum, yadda ya saba tun muna sayen takalmin makaranta a kasuwar Sabon Gari. Duk mai faffaɗar ƙafa ya san wannan dabara. Ita ce ta jawo masa ƙafar da na gani, kuma a daren yana shirin haƙura da wasan gaba ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba: hoki na ƙanƙara ƙungiya biyu ce, kowace da mutum shida a fili har da mai tsaron raga, suna gudu a kan takalmi mai wuƙar ƙarfe a ƙasa, suna korar wani baƙin faifan roba da sanda. Babbar gasarsa ita ce NHL ta Kanada da Amurka, wadda aka kafa a 1917. Ɗan wasa na farko haifaffen Najeriya da ya buga a cikinta, Rumun Ndur, a Zariya aka haife shi a 1975. Wannan dai ratse ne, mu koma ga ƙafa.

Me ya sa ƙarin lamba ba ya aiki?

Takalmin ƙwallon ƙafa ko kambas yana bin ƙafarka, ka sa shi mako biyu ya saki. Takalmin hoki ba haka yake ba. Faifan da ake bugawa nauyinsa wajen giram 170 ne, daskararre, kuma a 2012 Zdeno Chara ya buga shi da gudun kilomita 175 a awa. Abin da zai tare wa ƙafa irin wannan duka dole ya yi tauri, shi ya sa ake ƙera jikin takalmin da roba mai ƙarfi ko zaren kabon, hancinsa kuma ƙoƙo ne na roba da ba ya lanƙwasa. Na biyu, duk nauyinka yana tsaye ne a kan wuƙa mai kaurin milimita 3 kacal. Duk motsin da ƙafa ta yi a cikin takalmin, wuƙar ba ta san da shi ba, ka juya ita ba ta juya ba.

Don haka ake son ya kama ƙafa tsam, har lambarsa takan gaza ta takalmin kullum da ɗaya ko ɗaya da rabi a ma'aunin Amurka. Abokina ya yi sama da ɗaya, ke nan ya wuce girmansa da lamba biyu ko fiye. Rabin lamba kusan milimita 4 ne, ka lissafa da kanka. Faɗin da ya samu ɗan kaɗan ne, tsawon da ya ƙaru kuwa ya isa ya sa diddige ya riƙa ɗagawa yana gogar baya a kowane taku. Bororon ke nan. Kuma da yake ƙafar tana zamewa gaba, wurin da ya fi faɗi a jikinta bai sauka inda aka tanadar masa ba, ya je ya daki mahaɗar hancin takalmi da jikinsa, wuri mafi rashin tausayi a takalmin gaba ɗaya. Kumburin ke nan. Da ya ji ƙafa tana yawo sai ya ƙara ɗaure igiya, jini ya daina zagayawa.

Faɗi daban, zurfi daban

A nan na fi ɓata lokaci, domin a nan ainihin matsalar take. Muna cewa "ƙafata babba ce" kamar abu ɗaya ne, alhali aƙalla abu huɗu ake aunawa: tsawo, faɗin gaba wajen tushen yatsu, faɗin diddige, da tudun bayan ƙafa, wato yadda ta tasa daga ƙasa zuwa inda igiya ke kwanciya. Na ƙarshen nan shi ke nuna zurfin takalmin da kake buƙata.

Shekaru da dama harafi ake amfani da shi: D matsakaici, EE mai faɗi. Har yanzu haka ake rubutawa a kan masu sauƙin kuɗi. A 2020 kamfanin Bauer, wanda ya samo asali a garin Kitchener a 1927, ya kawo sabon tsari a manyan takalmansa: Fit 1 matsattse marar zurfi, Fit 2 tsaka-tsaki, Fit 3 mai faɗi da zurfi. CCM shi ma ya biyo da nasa kashi uku, Tapered da Regular da Wide. Ci gaba ne, domin a da sai ka bar samfurin da kake so ka koma wani saboda siffar ƙafarka.

Amma ka lura da yadda aka jera su. Faɗi da zurfi tare suke hawa, tare suke sauka. Wanda ya tsara ya ɗauka ƙafa mai faɗi tana da tudu, kuma ga yawancin mutane haka ne. Shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ce ke karya wannan lissafi. Idan kwarmin tafin ƙafa ya kwanta, ƙafar takan baje ta gefe, tudunta kuma ya sauka. Sau da yawa sai ka samu gaba mai faɗi, baya marar tudu, diddige kuma matsakaici ko ma siriri. Ka sa mata mafi faɗi, yatsu su sha iska amma sama ya yi holoƙo, diddige ya riƙa rawa. Ka sa mata matsakaici, diddige ya zauna daram amma gaba ya matse. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: an haɗa bayanai biyu a gurbi ɗaya don yawanci tare suke zuwa, ranar da suka rabu sai tsarin ya rasa amsa.

Sanin ko tafin ƙafarka a shimfiɗe yake ba ya buƙatar na'ura. Dubi sawunka a kan siminti bayan alwala. Idan tsakiya ta ciki ta bar gurbi busasshe, kana da kwarmi. Idan sawun ya fito cikakke kamar an buga hatimi, a shimfiɗe take. Sai gwaji na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga abin da ke tafe: ka dafa bango ka yi ɗage a kan yatsu. In kwarmin ya bayyana, ƙafarka mai lanƙwasuwa ce, nauyi ne ke kwantar da ita. In bai bayyana ba ko kaɗan, ƙafar a sandare take, kuma wannan likitan ƙafa ya kamata ya fara gani kafin mai shago.

Sikanar shago da kyamarar waya

A 2017 Bauer ya fara sa wata na'ura a shaguna mai suna 3D Skate Lab, da fasahar kamfanin Volumental na ƙasar Suwidin. Za ka cire takalmi ka hau wani faranti, kyamarori masu gane nisa su ɗauke ka ta kowane gefe, cikin daƙiƙoƙi siffar ƙafafunka biyu ta fito a allo ana juya ta da yatsa, da tsawo da faɗi da tudu, kowace ƙafa da nata. Wasu kamfanonin iPad suke amfani da shi, da na'urar auna zurfi maƙale a bayansa, ma'aikaci ya zagaya ƙafar da shi. A yawancin manyan shaguna aunawar kyauta ce, na ce wa abokina ya je ko ba zai saya ba.

Ya je, ya turo min hoton allon. Abu biyu muka ƙaru da su nan take. Ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama faɗi da milimita 4, bai taɓa sani ba. Tudun bayan ƙafarsa kuma yana can ƙasa da matsakaici. Amma shawarar da na'urar ta fitar ita ce mafi faɗin da kamfanin ke da shi, domin a cikin zaɓi uku dole ta ɗauki ɗaya, kuma faɗi ne ya rinjaya.

Ban ga laifinta ba. Awonta daidai ne, iyakarta ce dai ya kamata a sani. Tana ganin fatar waje ta mutumin da ke tsaye cak a kan faranti. Ba ta ganin ƙafar da ke cikin takalmi, gwiwa a lanƙwashe, nauyi duk a kan ƙafa ɗaya ana kwana. Ba ta san inda ƙashi yake dab da fata ba, ba ta san inda ke maka zafi ba. Kuma sikanar kowane kamfani cikin kayan kamfanin take zaɓa maka, ba za ta taɓa cewa ka tsallaka wancan layin ba. Ka karɓi lambobin, ka ɗauke su a hoto, shawarar kuma ka ɗauke ta a matsayin takalmin da za ka fara gwadawa.

To wayarka fa? Akwai manhajoji da ke auna ƙafa da kyamara. Mafi yawansu takarda suke sa ka ajiye a ƙasa, su kwatanta ƙafar da girman takardar da suka riga suka sani. A nan akwai tarko ga wanda ya tashi a wajenmu ya koma can. Takardar A4 da muka saba da ita milimita 210 ce a 297, wadda ake amfani da ita a Kanada da Amurka kuwa 216 ce a 279. Ka bar manhaja a kan A4 ka ajiye mata tasu, kuskuren zai iya cin fiye da lamba guda. Wayoyin iPhone masu Face ID suna da kyamarar gaba da ke watsa ɗigo sama da 30,000 don gane siffa, kuma a kusa ta fi LiDAR na baya dacewa da abu ƙarami kamar ƙafa. LiDAR, wanda ya fara zuwa wayoyin iPhone a samfurin 12 Pro a 2020, aikin auna ɗaki ya fi iyawa.

Ni dai takarda da biro da rula na fi yarda da su. Ka jingina takarda da bango, ka taka ta diddige na taɓa bangon, a tsaye, nauyi a kan ƙafar, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Wani ya zagaya maka da biro a miƙe. Ka auna tsawo da wuri mafi faɗi, ka raba tsawon da faɗin. Wasu shagunan intanet suna ɗaukar duk abin da ya gaza 2.5 a matsayin faffaɗar ƙafa. Ta hagun abokina 268 ce a 111, wato 2.41.

A cikin shago

Allah ya haɗa shi da wani dattijon ma'aikaci da ya dubi allon, ya dubi ƙafar, ya ɗauko kwali huɗu na kamfanoni biyu. Ƙa'idar da ya ba shi ita ce na fi so a duk labarin: ka sayi takalmi saboda diddige da zurfi, faɗin gaba ana iya gyara shi. Ana buɗa wurin da ya matse, amma babu na'urar da ke tsuke diddigen da ya yi yawa.

Gwaje-gwajen masu sauƙi ne. Ka sa siririyar safa, irin wadda za ka yi wasa da ita. Kafin ka ɗaure, tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa hanci, ka duba bayan diddige: in yatsan hannu ya shige a sake, takalmin ya yi tsawo. Sai ka buga diddige a ƙasa ya koma mazauninsa, ka jawo harshen takalmin gaba, ka gitta fensir a kan hudar igiya ta uku ko ta huɗu daga sama. In fensirin ya hau kan ƙafarka yana lilo, zurfin bai isa ba, kuma igiya za ta riƙa danne jijiyar gaban idon sawu har ta kumbura, ciwon da 'yan wasa ke kira cizon igiya. In kuma akwai rata babba tsakanin fensir da ƙafa, zurfin ya yi yawa. Bayan ka ɗaure ka miƙe, yatsu su ɗan shafi hanci, da ka lanƙwasa gwiwa su janye. Ka yi tafiya, ka tsuguna, ka tsaya da ƙafa ɗaya. Kada ka cire kafin minti goma sha biyar, domin zafin shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ba ya zuwa da wuri, sai ka ɗan jima yake fara ci a tsakiyar tafi.

Mafi faɗin ya ji daɗinsa a minti na farko, amma diddige na ɗagawa kuma fensir yana can sama. Matsakaicin ɗaya kamfanin ya kama diddige gam, ya ci gwajin fensir, sai dai yana cizo a gefen ƙaramin yatsa na hagu da wani ƙashi da ya turo a ciki, ƙasa da idon sawu. Masu shimfiɗaɗɗiyar ƙafa da yawa suna da wannan ƙashi a fili, saboda ƙafar tana kifewa ciki. Shi ya ɗauka.

Gashi da buɗawa

Takalman matsakaicin farashi zuwa sama ana gasa su. Shago yana da tanda ta musamman da ke hura iska mai zafi wajen digiri 80, a sa takalmin 'yan mintuna gwargwadon umarnin kamfani har jikinsa ya yi laushi. Sai ka sa shi da ɗuminsa, a ɗaure, ka zauna gwiwa a lanƙwashe minti goma zuwa sha biyar yana hucewa a kan siffar ƙafarka. Igiyar gefe ake jan ta ba sama ba, don kada hudojin su yage tun suna da taushi. Ba a yawo da shi a lokacin, kuma akan bar shi kwana guda kafin a hau ƙanƙara. YouTube cike yake da masu yin wannan a obin ɗin girki. Obin ɗin gida zafinsa ba daidai yake a ko'ina ba, yana iya narkar da gam, kuma garanti na iya tafiya tare da shi.

Gashi yana gyara ƙananan wurare ne, ba ya mayar da D ya zama EE. Inda ƙashi ya turo, sai a yi alama, a ɗumama wurin, a sa wani matsi mai dunƙulen ƙarfe ya tura jikin takalmin waje. Akwai kuma na'urar da ake barin takalmi a kanta ya kwana tana buɗa gabansa. 'Yan milimitoci ake samu, kuma su ake nema. Dabarar masu gyaran takalmi ce da muka sani a bakin kasuwa, kayan aikin ne suka bambanta. Hancin ne kawai ba ya jin magana sosai, don haka in yatsunka a cikinsa suke cushe, canja samfuri.

Ƙarƙashin tafi

Saura kifewar. A ƙasa, ƙafar da ke kifewa ciki tana da faɗin takalmi da zai tare ta. A kan wuƙa mai milimita 3 babu abin tarewa. Idon sawu ya faɗa ciki, wuƙar ta kwanta a kan kaifinta na ciki, ɗayan kaifin ya gagare ka. Sabon ɗan wasa zai ɗauka rashin iyawa ne ko raunin idon sawu, ya yi ta matse igiya.

Shimfiɗar da ke zuwa cikin takalmi yawanci siririn soso ne. Ana sayar da na musamman, irin na Superfeet da na su Bauer da CCM, masu ƙoƙon da ke riƙe diddige da ɗan tudu a ƙarƙashin kwarmi. Na takalmin kullum ba ya zama daidai, saboda takalmin hoki diddigensa a ɗage yake kuma cikinsa a tsuke. A nan gwajin ɗagen nan ke amfani. Ƙafa mai lanƙwasuwa takan karɓi tudu ƙarami ko matsakaici. Sandararriya kuwa, ka cusa mata tudu mai tsayi, kamar ka taka dutse ne awa guda. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tunda babu kwarmi bari a sayi mafi tudu. Fara da mafi ƙanƙanta. Kuma shimfiɗa tana cin wuri, ka sake gwajin fensir da ita a ciki, in son samu ne ma da ita za a gasa takalmin. Ga abokina wannan riba ce, ta cike ɗan sararin da ya rage a sama.

In duk da haka wuƙar tana kwanciya, ƙwararren ma'aikaci yakan cire ƙusoshin mariƙinta ya matsar da shi kaɗan zuwa ciki, ko ya sa siririn weji tsakaninsa da tafin takalmi. Ba kowane shago ke yi ba.

Daga nan sai na oda. A Winnipeg ɗin da abokina yake, Scott Van Horne, wanda ya fara da ƙera takalman tseren ƙanƙara, ya kafa VH Footwear, kamfanin True ya saye shi a 2016. Ana ɗaukar siffar ƙafarka da sikana, a ƙera kowace ƙafa da nata takalmin. Bauer da CCM su ma suna karɓar oda. Ga wanda ƙafafunsa suka bambanta sosai wannan ce mafita, amma kuɗin yana kaiwa dala 1,000 ko fiye, daidai da manyan takalman kanti. Ban ba ɗalibin da ya fara wasa watan jiya shawarar wannan ba. Manyan takalman ma taurinsu na ƙwararru ne, sabon shiga ba ya iya lanƙwasa su. Na tsakiya, wanda ake iya gasawa, ya wadatar.

Abu na ƙarshe da dattijon ya ƙara masa shi ne igiya mai kakin zuma, wadda ba ta zamewa, don ya iya sassauta hudojin gaba ya bar yatsu su baje, ya matse wajen idon sawu kawai. Kuɗinta bai kai na kofi biyu ba.

Ya sayar da tsohon takalmin a inda ya saye shi, da asarar dala 20. Makon da ya wuce ya turo min bidiyo daga kan kogin da ke daskarewa a The Forks, ya yi minti hamsin bai zauna ba, ko da yake har yanzu da tulin dusar gefe yake taka birki. Ƙashin nan na hagu ya fara magana wajen minti na arba'in. Ya yi masa alama da biro a jikin safa, ranar Asabar zai mayar a ƙara turawa.